Gidan Gwanjo da Kabari a Ƙofa

Shekara ashirin da shida Fuatino ta yi a gidan dangin mijinta, a wani ƙauye na gabashin tsibirin Upolu, kuma a tsawon shekarun nan babu wanda ya taɓa yin kuskuren tambayarta ra'ayinta. A Samowa matar da ta biyo miji gidansu sunanta nofotane, wurinta kuma sananne ne: can baya, inda hayaƙi yake. Ita ke kankare gwaza, ita ke matse kwakwa, in baƙi sun ci sun ƙoshi ita ke durƙusawa da kwanon wanke hannu. 'Yan'uwan mijin mata kuwa suna gaba suna fifita, suna yabon girkin "gidanmu", sai ka ce tukunyar ce ke ɗora kanta a wuta.

Da mijin, Uelese, ya rasu, aka binne shi a ƙofar gidan ubansa kamar yadda ake yi wa kowa. Furannin kan kabarin ba su gama bushewa ba yayarsa ta fara tambayar Fuatino, cikin tsananin tausayi, ko ba ta kewar ƙauyensu. Ta tambaya ranar Litinin, ta sake tambaya ranar Laraba. Fuatino ba yarinya ba ce. Ta naɗe tabarmarta, ta ɗauki kaskon suyarta, ta bar musu mijin tunda shi ba ya naɗuwa, ta hau bas zuwa Apia, babban birnin ƙasar.

A kasuwar Fugalei ta kafa kasko tana soya fanke, tana kwana a gefen ɗakin wata 'yar ƙanwar uwarta. Shekara bakwai mai yana fallatsar mata a hannu, burinta ɗaya tak: ƙasa mai takarda da sunanta a jiki, inda babu mai tashinta, tana numfashi ko ta daina. Abin da ya fi ci mata rai ke nan, ba ta san inda za a kwantar da ita ba. Ƙofar gidan surukai ta masu gida ce, ƙauyensu kuwa waɗanda suka san ta duk sun riga ta gaba.

'Yarta Sinalei, mai aikin kula da tsofaffi a Auckland, can ƙasar waje, ita ta hango tallar a jarida: banki zai yi gwanjon wani gida a Vaitele, a gefen Apia, kusan rabin kuɗi. Fuatino ta zazzage tarinta, Sinalei ta sa hannu banki ya cika sauran, aka jinginar da gidan tun kafin a ga cikinsa. Lauya ya karanta mata cewa ta saya ne yadda yake, da duk abin da ke ciki. Ta ji daɗin wannan magana ƙwarai, don ta ɗauka kujeru ake nufi, wataƙila har da firji.

Abin da ke ciki shi ne wata tsohuwa mai suna Leitu, da 'ya'yanta maza biyu, da matansu, da kaji. A ƙofar gida kuma, ƙarƙashin rumfar kwano, ga kabarin mijin tsohuwar, Peniamina, an lailaye shi da farin tayil, an shanya wanki a kansa, kare na barci a gefe. Duk gidan babu ɗakin da ya kai shi kyau. Dalili kuwa, gidan aka jinginar don a yi wa mai gidan jana'izar da za a daɗe ana labarinta: shanu, katan-katan na kifin gwangwani, ambulan ga kowane fasto. An kuwa daɗe ana labarinta, har a kotu.

Da Fuatino ta je, Leitu ta shimfiɗa mata tabarma, ta sa aka kawo mata shayi.

"Zauna, 'yata. Ashe ke ce kika saye mu."

Fuatino ta ce gida ta saya. Tsohuwa ta ce ai duk ɗaya ne, ta kuma tambaye ta ko shayin ya ji sukari.

Daga nan aka shiga zaman takardu. Wa'adin wata ɗaya ya zo ya wuce, na biyu ma haka. Duk takardar da lauya ya aiko, Leitu takan karɓa da hannu biyu, ta yi godiya, ta ajiye a cikin littafin addu'arta. Fuatino na biyan banki kuɗin gidan da kajin wasu ke kwana a ciki, ita kuma tana gefen ɗakin mutane. A coci aka fara kallonta a kaikaice, matan da ba su taɓa ba ta ko tabarma aro ba suka zama masu tausayin tsofaffi. Wata ranar Asabar ta je gidan da niyyar lallashi, sai ta ji bakinta yana tambayar Leitu, cikin tsananin tausayi, ko ba ta kewar ƙauyensu a tsibirin Savai'i. Ta gane muryar. Kunya ta rufe ta har ta kasa ɗaga ido, amma ba ta janye tambayar ba.

A wata na tara kotu ta ba da umarnin fitarwa. Ma'aikacin kotu ya zo da 'yan sanda biyu, maƙwabta suka fito shan iska gaba ɗaya. 'Ya'yan suka fito da katifu da tukwane ba gardama. Leitu kuwa ta sa fararen kayanta na coci, ta je ta zauna a kan tayil ɗin, ta ce wa ma'aikacin:

"Ɗana, takardarka ta ce kowa ya fita. To ga mai gidan nan. Karanta masa, in ya tashi mu tafi tare."

'Yan sandan nan kowannensu yana da uba kwance a ƙofar gida. Suka dubi juna, suka tuna suna da wani aiki na gaggawa a gari. Lauya ya yi wa Fuatino bayani, a kan kuɗi, cewa umarnin kotu masu numfashi kaɗai ya shafa. Tono mamaci sai da izinin hukuma, sai an tara dangi, sai fasto ya yi addu'a, kuma dangi ba sa taruwa da yunwa. 'Ya'yan Leitu suka ce su a shirye suke, aljihunsu ne dai bai shirya ba.

Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Fuatino ta biya kuɗin izini, ta biya kuɗin jirgin ruwa zuwa Savai'i, ta sayi naman da za a gasa. Da ranar ta zo aka rasa wanda ya iya girkin mutum sittin, ta ɗaura zane ta zagaya baya.

Kwana biyu 'ya'yan suka yi suna dukan murfin kabarin da guduma, don lokacin da suka zuba shi ba su yi rowar siminti ba. Da hantsin rana ta uku tsofaffin mata suka fito da ƙasusuwan ɗaya bayan ɗaya, suka goge su da man kwakwa, suka naɗe a ƙyallen ɓawon itace. Mutumin da ya gina ɗaki huɗu ya koma ƙunshin da bai kai matashin kai ba. Leitu ta rungume shi a cinya tana yi masa magana ƙasa-ƙasa, tana gaya masa hanyar da za su bi. Fuatino ta leƙo daga wajen murhu, hawaye suka zubo mata, ta ji haushin kanta, ta ce wa matar da ke kusa da ita hayaƙi ne.

Aka loda kaya a akori-kura. Gida ya zama nata, da makulli a hannu, da rami a ƙofa, tsaf, an shafe shi da siminti ciki da bai. Tana tsaye tana tunanin yashin da zai cike shi, Leitu ta sa aka tsayar da mota, ta yafito ta.

"Kada ki cike shi, 'yata. Aikin kirki ne, ruwa ba ya shiga. Tsawonku ma kusan ɗaya."

Fuatino ta dubi ramin. Abin haushi, gaskiyar tsohuwa ce, kuma a karo na farko cikin shekara bakwai ta ji hankalinta ya kwanta. Ta ce ta gode, Iya.

"Na ji an ce 'yarki ce ta sa wa banki hannu."

Ta ce e, Sinalei ce, yarinya mai ƙoƙari.

"Nawa ma masu ƙoƙari ne," in ji Leitu, tana gyara ƙunshin a cinyarta. "In lokacin ya yi, ki ce mata kada ta zuba murfi mai kauri. Fasa shi akwai wuya."