Takardar Ƙarshe a Gafakar Malam

A gidanmu na Mandawari, da an idar da magariba sai mu kewaye murhun Iya, kakarmu, tana ɗumama miya tana yi mana tatsuniya. Akwai guda ɗaya da ba ta taɓa kai ta ƙarshe ba, ta wani malami da ɗansa ya tafi yaƙi bayan teku. Wai kullum sai ya rubuta abin da ya faru a unguwa, don kada yaron ya dawo ya tarar an yi komai ba shi: ran da gishiri ya ɓace a kasuwa, ran da katanga ta faɗa wa akuyar maƙwabta, ran da matar wanzami ta haifi tagwaye, ɗaya ya koma. Da yamma kuma ya karanta wa matarsa. Nan Iya take tsayawa, ta ce mu tashi haka nan.

Sai da na yi wayo na gane malamin marigayi kakana ne, yaron kuwa Baffa Habu, ɗanta na fari, wanda aka kai yaƙin Bama ina goye. Kunyar ɗan fari ta hana ta faɗin sunansa, balle ta tambayi labarinsa. "Wancan" take ce masa. Amma kullum sai ta rufe malmalar tuwo ɗaya ta ajiye.

Wata rana ta kori sauran yara, ta ɗauko gafakar Malam, kakana, inda takardunsa suke.

"Ke ja'ira, an ce kin iya ajami. Akwai ta ƙarshe, bai karanta min ba."

Na fara dubawa a zuci. Wani soja da ya dawo ne ya shaida wa Malam cewa zazzaɓi ya kashe Habu a daji. A ƙasa ya rubuta: ban gaya wa uwarsa ba, ita ma ba ta tambaya ba. Na ce mata cewa ya yi an yi ruwa, indararo ya karye.

Iya ta daɗe tana kallon wuta.

"Indararo," in ji ta. "Shi ya hana Malam cin abinci kwana uku?"

Sai ta ce "Habu," sau ɗaya, can ƙasa-ƙasa. Ban taɓa jin sunan a bakinta ba. Washegari ba ta ajiye tuwo ba.

Takardun suna wurina har yau. Wanda duk ya duba sai ya ce ga tarihin unguwa. Ni dai abin da ke cina shi ne, sau ɗaya tak Iya ta iya tambaya a rayuwarta, ni kuma na ce mata ruwa aka yi.