Motar Malam da Murfin Tagulla

Shekarar da aka ƙara wa ma'aikata albashi, aka haɗa masu da na baya, kowa a Faskari ya tashi da ciwon saye. Wasu babur, wasu rediyo mai cin kaset, wasu gadon ƙarfe mai rumfa. Maigidana, wanda yake malamin gona ne a lokacin, ya ce babur na gwauraye ne. Ya tafi Funtuwa, ya dawo da mota.

Baƙa ce, mai ƙaton goshi da kujerun fata da suka tsattsage. Wani Bature da ke shirin komawa garinsu ne ya sayar mashi. Malam ya ce Baturen har da ƙwalla ya rabu da ita. Daga baya na gane ƙwallar farin ciki ce.

Watannin farko ta yi mana halin kirki, irin na baƙon da bai gama sanin gida ba. Sannan ta fara tari. Tana cikin tafiya sai ta shaƙe, ta yi tsalle biyu, ta mutu. Ana ta faɗa a rediyo cewa ƙasarmu na iyo cikin man fetur, amma mu a Faskari daga duro muke saye, wajen wani mutum da ke aunawa da galan a gindin bishiyar bedi. Abin da ke cikin duron nan Allah kaɗai ya sani. Malam dai ya ce man ba shi da laifi, motar ce ba ta saba da iskar ƙasarmu ba.

Duk inda ta mutu, sai ya fito ya ɗaga bonet, ya cire tiyon mai, ya kafa baki ya zuƙa. Wani lokaci man ya zo, wani lokaci ya zo da yawa. Mutumin da ko goro ba ya ci don kada haƙoransa su ɓaci, shi ne ya koma shan fetur a bakin hanya. Da ya dawo gida nakan ce mashi, "Malam, don Allah zauna can nesa da murhu, yara na kusa."

Daga ƙarshe ya yarda a kai ta Ƙanƙara wurin wani bakanike da ake yabo. Mutumin kirki ne, mai fara'a, kuma yana da tsari guda: ya fara da abin da ya fi sauƙin kwancewa. Ya canza fulogi. Ta mutu a hanyar dawowa. Ya wanke kafireta, ya hura ta da baki, ya mayar. Ta mutu a Sheme. Ya canza famfon mai. Wannan karon ko tashar Ƙanƙara ba ta bari ba, abin da Malam ya kira ci gaba, tunda ba a yi nisa da turi ba.

Sai da babu sauran abin kwancewa a gaba, sannan bakanike ya tuna mota tana da baya. Aka sauke tanki. Ina wurin ranar, don na biyo Malam in kai wa yayata da ke aure a garin daddawa. Da aka kifa tankin nan, abin da ya fito ya isa a yi yaɓen ɗaki: tsatsa ja kamar garin jar dawa, ruwa, yashi, da wani tsumma da ba mu san zamanin da ya shiga ba. Bakanike ya ɗaga tankin ya duba rana ta cikinsa. Gindin ya zama rariya.

"Malam," in ji shi, "wannan ai walda ba ta kama shi. Sai dai wani."

"Ni ma abin da nake zargi ke nan tun farko," in ji Malam.

Kafin a samo wani tankin, bakanike ya yi mana dabara. Ya ɗaure galan a kan rufin mota da igiya, ya zuro tiyo ta tagar gaba, ya bi da shi har cikin inji. Tagar gaba kuwa nan ne wurin zamana. Aikina shi ne in riƙe tiyo kada iska ta fizge shi. Haka muka shigo Faskari, ni da mayafina mai zare na zinariya, hannu a waje, fetur na bin gwiwar hannuna, mata na leƙe ta kan danga. Washegari maƙwabciyata ta ce mani, "Ashe ke ma kin iya tuƙi." Na ce mata ƙwarai, ni ke tuƙa man, shi yana tuƙa motar.

Aka samo tanki a Funtuwa, daga jikin wata mota irinta da ta yi karo. Bakanike ya wanke shi, ya ɗaura, ya sa sabon bututu da sabon mataci. Abu ɗaya ya rage, tankin ya zo babu murfi. Malam ya ce shi ba zai yi yawo da tsumma a bakin tanki kamar direban akori-kura ba. Ya je wurin wani maƙeri, ya sa aka yi mashi murfi na tagulla, mai zare, da roba a ciki, wanda in ka murɗa shi ko numfashi ba ya fita. Kullum da safe sai ya goge shi da toka. Duk motar babu abin da ke sheƙi sai shi.

Sai ciwon ya canza salo. Yanzu takan tashi lafiya, ta yi tafiya mai ɗan nisa kamar abin arziki, sannan ta fara rage gudu, ta mutu. Malam ya fito, ya zagaya baya, ya buɗe murfinsa na tagulla, ya zura kara ya ga mai na nan. Ya rufe. Ya zagayo gaba, ya ƙwanƙwasa famfon mai da sifana, ya yi bisimilla, ya murɗa makulli. Ta tashi. Nan ya tabbatar cewa sirrin yana cikin ƙwanƙwasar, har ya fara koya wa abokansa inda ake bugu da yadda ake riƙe sifanar.

Ana haka ƙanwata ta haihu a Sabuwa. Na ce mu bi motar kasuwa tun jajibiri. Malam ya dube ni kamar na zage shi.

"Ina da mota a ƙofar gida, ki ce in hau bayan buhunan masara?"

Muka tashi da sassafe ranar suna, da turmin atamfa da kwanon dubulan. Ban ƙirga tsayuwar da muka yi ba, amma na san duk wata inuwa da ke tsakanin Funtuwa da Dandume, don na zauna a ƙarƙashinta. Masu jakuna suka wuce mu, muka wuce su, suka sake wuce mu, har muka fara gaisawa kamar dangi. Wani dattijo a kan jaki ya ce, "Alhaji, ko in kai maka saƙo gaba?"

Mun isa Sabuwa an raɗa suna, an ci tuwo, an wanke kwanoni, rago ya zama labari. Babana yana zaune a zaure, ya ce, "Sannunku da hanya. Da ƙafa kuka taho?"

"Da mota, Baba," in ji Malam.

"To, shi ya sa."

Da muka tashi komawa washegari, Malam ya zagaya ya duba mai, sai ya tarar babu murfi. A tsayuwarmu ta ƙarshe ya aza shi a kan but ɗin bayan motar, ya manta, muka taho. Ya yi jugum kamar an yi mashi rasuwa. Babana ya sa aka kawo totuwar masara, aka naɗe ta da tsumma, aka cusa a bakin tankin. Malam ya kau da kai, bai son gani.

Daga Sabuwa har ƙofar gidanmu motar nan ba ta yi tari ko sau ɗaya ba. Ina ta jiran inuwoyina, muna wuce su. Da muka kai Funtuwa, Malam ya ce, "Kin gani? Bugun da na yi mata jiya na ƙarshe, shi ne ya zauna daidai."

Satin bai ƙare ba ya koma wurin maƙeri aka yi mashi wani murfin, wanda ya fi na farko kamewa. Ya jefar da totuwar. Ranar kasuwar Ƙanƙara muka kama hanya, motar ta mutu kafin Sheme, ta sake mutuwa bayan Sheme. A bakin garejin bakanike ma ta mutu, wannan karon a gaban shaidu. Malam ya fito da sifanarsa zai nuna gwaninta. Bakanike ya riga shi zuwa baya don ya duba mai, ya murɗa murfin, sai muka ji tankin ya ja iska, fuuu, kamar wanda aka daɗe da toshe wa hanci, gindin tankin da ya lotsa ya yi ƙara ya koma daidai.

Bakanike ya tsaya da murfin a hannu, yana juya shi. Ya duba sama, ya duba ƙasa.

"Malam, ina hudar?"

"Wace huda? Ai ko ƙura ba ta shiga."

"To, iska ma ba ta shiga. In famfo na jan mai, iska ba ta maye gurbinsa, ai dole ya gaji ya bari. Ni kaina da na ɗaura tankin ban kawo wannan ba."

Ya ɗauko ƙusa da guduma, ya aza murfin a kan dutse. Malam ya ce a bi a hankali, tagulla ce. Bugu ɗaya aka yi, aka samu huda wadda ko tsinke da ƙyar zai shiga. Shi ke nan gyaran. Watannin turi, da fetur ɗin da Malam ya sha, da ragon sunan da ban ci ba, duk suna cikin wannan 'yar hudar.

A hanyar dawowa ban yi mashi gori ba, don an hore ni da ladabi. Na dai tambaye shi ko in ajiye mashi sifanar a cikin adaka, tunda ta gama aikinta. Ya ce in bar ta inda take.

Da yamma na ji shi a ƙofar gida, ta bayan katanga, yana ba abokansa labari. Ya ce ya daɗe yana zargin iska ce, ya dai bar bakanike ya gano da kansa don kada ya karya mashi gwiwa, yaro ne mai tasowa a sana'a. Suka ce kai, Malam akwai haƙuri. Ni kuwa ina tsakar gida ina tankaɗe, na ce wa uwar mijina, "Inna, kin ji ɗanki."

Ta ce, "Na ji shi. Haka ubanshi ya yi da keke."