Cinyar akuyar da ban kai ruga ba

Zamanin Nasara, lokacin da kumandan, Baturen mulki, ke zaune a Magariya, ni mahaƙin rijiya ne a wani ƙauye tsakanin Dungas da Mallawa. Ina da ƙarfi, ina da baki, ga saurin fushi. Ban daɗe da karɓar Almasihu ba, kuma masu bi a wajenmu 'yan gidaje ne kawai. Tun da na shiga, dangi suka ja baya, wasu ko ƙwaryar ruwa ba sa haɗawa da ni. Wannan ya mai da ni mai sa ido a kan kowa, wa ya gaishe ni, wa ya kau da kai. Na faɗi haka ne don ku gane yadda na yi abin da na yi, ba wanke kaina nake ba.

Wata bazara muna yasar tsohuwar rijiya a bakin gari, ina can ƙasa ina cika guga, sai itacen da aka tare gefe da shi ya karye, rairayi ya rufto ya binne ni har wuya. Ina jin mutane a sama suna salati, amma ba wanda ya yarda ya sauko, don gefen bai gama zubowa ba. Wanda ya sauko wani Bafillace ne mai noma da kiwo, rugarsu na bayan gari, ya kawo shanu shan ruwa a rijiyar kusa. Tsakanina da shi gaisuwa ce kawai. Ya tone ni da hannu, ya kwance igiyar da ke ƙugunsa ya ɗaura mini, takarkarinsa ya ja ni sama. Daga nan ban san inda kaina yake ba, sai na farfaɗo a likitar mishan a Dungas, ƙafa a karye. Aka ce mini shi ma an fito da shi, ya karkaɗe rigarsa, ya kora shanunsa ya tafi.

Da na koma gida, mutane suka yi ta zuwa barka da arziki, har waɗanda suka daina cin abincina. Ina kwance kan tabarma ina lura. Kowa ya zo, ban da shi. Maimakon in tambayi lafiyarsa, sai zuciya ta raya mini wai ƙyamar gidan Kirista yake, wai ya fito da ni ne kamar yadda zai fito da jakin da ya faɗa. Ku ji wauta! Mutum ya shiga bakin mutuwa dominka, ai kai ne da zuwa ban gajiya, ni kuwa na kwanta jiran a zo mini.

Ranar Lahadin da na fara takawa da sanda, na miƙe a majami'a na ba da shaida. Na gode wa Ubangiji har da hawaye, kuma godiyar gaskiya ce, don na ga mutuwa da idona. Na ce hannun Allah ne ya fito da ni, amma ban ambaci wanda ya tone rairayin ba. Na yanka akuyar godiya aka raba wa gidajen masu bi. Matata ta ware cinya guda ta ce in kai ruga, ko in bari ta kai. Na ce wanda bai tako gidana ba, ba zai ci namana ba. Ta ce, "Maigida, Allah bai sauka rijiyar da kansa ba, mutum ya aiko." Na daka mata tsawa. A gidana aka ci cinyar nan.

Sai da kaka ta yi, ran kasuwar Mallawa, na ga takarkarin da ya ja ni a hannun dillali. Na tambaya, aka ce mai shi ya rasu, iyali ke sayarwa. Na nufi rugar a ranar. Matarsa na zaune bakin bukka, ta dubi sandata ta gane ni. Ta gaya mini bayan an ja ni, gefen ya sake zubowa, itace ya buge shi a ƙirji kafin a mayar masa da igiya. Fulako ya hana shi nunawa a gaban mutane. Da ya isa gida ya fara tofar da jini, duk damina yana kwance, ya kuma hana a faɗa a gari, kada a ce yabo yake nema. Na tambayi dalilin da ba a kai shi likita ba. Ta ce ba su san kowa a wurin Nasara ba, sun ɗauka sai masu bin addininsu ake dubawa. Ni kuwa na san ƙofar nan, na kwanta a ciki. Da na kai cinyar, da na gan shi, da na ɗora shi kan jaki. Ban ce da ya rayu ba, amma da an gwada.

Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Cewa ta yi, "Duk wanda ya dawo daga gari sai ya tambaye shi ko mai rijiya ya fara takawa. Ranar da aka ce ka taka, ya ce alhamdulillahi, har ya sha nono."

Ashe ranar da nake hana shi nama, shi yana taya ni gode wa Allah. Na zauna a ƙasa na yi kuka. Kowace kaka na riƙa kai dami rugar har suka tashi, amma hakan bai sauke mini nauyin ba, har yau in na miƙe yin godiya a majami'a sai in tuna da shi.

'Yan'uwa masu bi, abin da na koya ke nan da tsada: Allah ta hannun mutane yake ceto, kuma godiyar da ta tsaya cikin majami'a ba ta cika ba. In ya yi muku alheri, ku duba ta hannun wa ya zo, ku je masa da ƙafarku tun yana iya amsawa, kada ku tambayi addininsa, kada ku jira ya zo muku barka. Ni sai da na kai tawa godiyar, na tarar babu mai karɓa.