Cokalin da Ya Katse Ni a Dapaong

Duk wanda ya san ƙungiyarmu ta barkwanci tun zamanin kaset ya san ni ne gishirinta, sauran huɗun rakiya suke yi mini. Na taɓa ba wani mahauci dariya a zangon Sokodé har aka yi masa fifita. Da wannan ƙarfin gwiwa na yarda mu sake haɗuwa bayan shekaru, mu ɗauki sabon shiri.

Mun tashi da asuba daga tashar Sokodé, mu uku. Babbanmu yana jiranmu a Dapaong, na biyar ɗinmu kuwa ya rasu bara. Motar ta mutum goma sha biyar ce, amma ni na ga arba'in, ban da akuya. A hawan dutsen Bafilo muka maƙale bayan wani kamiyo, babbar motar kaya, mai tafiya kamar tsoho da ciwon gwiwa. Mun karya da koko da ƙosai a Kara. A Mango na tambayi farashin zabuwa, da na ji sai na gaishe ta na sayi ƙwanta.

Shirin namu tsokanar gidajen rediyon 'yan kasuwa ne. Ni ne mai gabatarwa a wani gida da muka ƙirƙira, Rediyon Kawo-Kuɗi, inda ko sanarwar rasuwa ba ta ƙarewa sai an cusa tallar maganin basir. A zamanin kaset, marigayi ba ya cewa uffan a shirin. Yana zaune da kofin shayi na gilashi da cokali, in ya ga dama ya buga, ƙil, ni kuma dole in saki magana ko a tsakiyar kalma ce, in shiga talla. Ba mu taɓa shirya inda zai buga ba. A mota mai yi mana muryar mata ya tambayi wanda zai riƙe cokali. Na ce babu buƙata, bakina ya isa.

A Dapaong 'yan zemijan, wato 'yan acaɓa, suka kai mu ɗakin ɗaukar sauti a bayan kasuwa, bayan azahar. Ɗaki ne marar taga, an liƙe bangon da kwalin ƙwai, in an rufe ƙofa har bugun zuciyarka kake ji. Mai ɗakin, wani dattijo marar fara'a, ya hana mu shiga da komai, ko da ledar ruwa ce. Babbanmu ya jera kujeru, bisa sabo ya jera biyar. Duka mun gani, babu wanda ya ɗauke.

Na zuba iya basirata. Na sayar da sabulun da ke wanke baƙin jini, na yi gaisuwar masu saurare har da jakin wani attajiri. Ba wanda ya murmusa. Daga ƙarshe na yi wa marigayi addu'a, na ƙara da cewa ni na koya masa sana'ar nan.

Sai dattijon ya kunna mana faifan abin da ya ɗauka. Muryata ta fito tana sanarwar rasuwar wani Alhaji, ta kai ga “ya bar mata uku da”, sai ƙil. Siririn sauti, kusa da makirfo, daga ɓangaren kujera ta biyar. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, a faifan na saki maganar nan take na shiga talla, alhali ban tuna na ji komai ba. Mai muryar mata ya fashe da dariya, sai ya toshe bakinsa. Dattijon ya ɗaga hannuwansa biyu daga na'ura, ya rantse bai ƙara komai ba. Sau bakwai cokalin ya buga, kowanne a gaɓar da ta dace. Na ƙarshe ya faɗo daidai kan “ni na koya”.

Na ce a goge, mu sake. Gaskiya tsoro ne, amma har da kunya. Babbanmu ya daɗe yana kallon kujerar, sannan ya ce, “Ƙanena, mutum ya zo aiki daga nesa haka, ba a goge shi.” Muka karanta masa Fatiha, muka fito da baya-baya.

Washegari muka kamo hanya. Har Kara ban ce komai ba, abin da bai taɓa faruwa ba tun da na yi haƙori. Tafiyar ta koya mini cewa shekara da shekaru ina tsaye ne a kan aikin wanda ban taɓa yi wa godiya ba.

Da muka iso Sokodé na kai wa matar marigayi faifan. Ta saurara har ƙarshe, tana dariya tana share hawaye da bakin mayafi. Na tambaye ta cokalin, ta ce yana cikin kwanon da ya bar shi, ba wanda ya taɓa. Don in ɗan farfaɗo da martabata, na ce ai dai ta ji har yanzu muryata tana aiki.

Ta ce, “Ayya, Malam. Ai da ma ba maganarka ake yi wa dariya ba, inda zai rufe maka baki ake jira.”