Bindigar da Na Ba Orval Begley

Orval Begley ya yi shekara talatin da ɗaya yana tuƙa motar 'yan makaranta a kwarinmu, nan gabashin Kentucky, kuma ko sau ɗaya ɗan sanda bai taɓa tsayar da shi ba. Gajere ne kakkaura. Kunnensa na hagu ya samu matsala tun yana soja, shi ya sa in ana masa magana yakan karkato kai kamar kaza tana duban tsaba. Akwai wani layin dogo a hanyar makaranta wanda jirgi ya daina bi tun ina amarya, ciyawa ma ta rufe shi, amma kullum sai Orval ya tsaya a wurin, ya buɗe ƙofa, ya duba dama da hagu. Yara su yi ta ihu, "Malam Begley, ai babu jirgi!" Shi kuma ya ce, "Doka cewa ta yi a tsaya. Ba ta ce sai in da jirgi ba."

Bayan ya ajiye aiki, matarsa kuma ta riga mu gidan gaskiya, abu ɗaya ya rage masa da yake ji da shi, wato ajinsa. Duk kaka, kafin a buɗe farautar barewa, yakan tara yaran kwarin a ɗakin ƙasa na cocinmu, Asabar huɗu a jere, ya koya musu riƙon bindiga: inda bakinta zai kalla, yadda ake zazzage harsashi kafin a tsallake shinge, da cewa ba a harbin abin da ba a gani sosai ba. Rabin mazan da ke farauta a nan ta hannunsa suka bi. Ba ya karɓar ko kwabo.

Mijina Hoyt ya rasu a watan Mayu. Yana kwance ya ce mini libarbarsa, ƙaramar bindigar hannu da ya gada wurin mahaifinsa, in ba ɗanmu Darrell da ke zaune can jihar Maine. Ranar jana'iza hankalina ba ya jikina, har Darrell ya koma ban tuna ba. Da Disamba ta kama sai na ji Orval zai hau jirgin sama zuwa Maine ganin sabuwar jikarsa, kuma gidan 'yarsa bai fi tafiyar awa ɗaya da na Darrell ba. Na naɗe bindigar a tsohuwar rigar Hoyt, na tafi gidansa. Na same shi yana faskare.

"Ɗan'uwa Orval, saƙo zan ba ka."

Ya warware rigar, ya duba cikin bindigar kafin ya dubi fuskata. "'Yar'uwa Lorene, ba haka ake yi ba. Ki kai ta shagon mai lasisin sayar da bindiga a gari, shi zai aika wa mai lasisi a can, Darrell ya je ya sa hannu ya karɓa. Gobe ma sai in kai ki."

"In sa abin Hoyt a kwali kamar takalmi? Hannu nawa zai taɓa ta kafin ta isa?"

"Hanyar ke nan."

"Da hannunka ka ɗauki akwatin gawarsa," na ce. "Wannan ne zai yi maka nauyi?"

Sai na fashe da kuka. Ubangiji ya sani kukan na gaske ne, amma kuma na san abin da kukan gwauruwa ke yi wa mutum irin Orval, ban kuwa yi ƙoƙarin tsayar da shi ba. Ya daɗe yana kallon itacen da ke gabansa, sannan ya ce, "To. Kawo."

Ya yi komai yadda ake so. Ya sayi akwatin ƙarfe, ya sa kwado biyu, babu harsashi ko ɗaya. A filin jirgi ya je kantar karɓar kaya ya faɗa da bakinsa cewa akwai bindiga a kayansa, ya sa hannu a kati, aka wuce da akwatin cikin manyan kaya. Suna sama dusar ƙanƙara ta rufe gabas, aka sauke su a wani gari a jihar New York, aka ce kowa ya ɗauki kayansa ya nemi masauki sai gobe. Ya ɗauki nasa. Da safe ya koma kanta, ya cire hula, ya ce wa ma'aikaciyar, "Baiwar Allah, akwai bindiga a akwatina, babu harsashi, a kulle take." Ta ce ya ɗan jira. 'Yan sanda biyu suka zo suka tambaye shi takardar izini ta jihar. Ya miƙa musu tasa ta Kentucky. Suka ce a nan ba ta aiki. A gaban layin matafiya suka sa masa ankwa, da ɗan bargon jaririya da ya saya a ƙarƙashin hammatarsa.

Daga baya lauya ya ce masa da ya ƙi taɓa akwatin, ya bar shi hannun kamfanin jirgi, da babu abin da ya faru. Ɗaukarsa da ya yi ya fita da shi ne laifin. Wa zai gaya wa mutumin kwarinmu ya bar kayansa suna zagaye a gaban baƙi?

Sau uku ya koma can gaban alƙali. A ƙarshe aka sassauta abin ya zama ƙaramin laifi, ba a hana shi riƙe bindiga ba, amma libarbar Hoyt ta tafi ke nan. Duk wanda ya tambaye shi ta wa ce, amsarsa ɗaya: "A hannuna aka same ta." Ni kaɗai ya zo ya samu a ƙofar gida, hula a hannu, yana ba ni haƙuri wai ya ɓatar mini da amana. Shi ke ba ni haƙuri! Na ce babu komai, na rufe ƙofa.

A bakin coci kuwa maza sun samu abin yi. Harlan Napier, mai sayar da abincin dabbobi, shi ne kan gaba. Da ya hango Orval sai ya ɗaga hannu biyu sama.

"Jama'a a ɓoye jakunkuna, ga ɗan fashin New York nan!"

"Orval, an ce abincin gidan yarinsu ya fi girkinka, gaskiya ne?"

"Kai Harlan, matso ta kunnen dama, na hagu ba ya jin doka!"

Orval yakan yi murmushi ya ce, "Harlan, ka gyara birkin motarka tukuna." Amma na lura ya bar kujerarsa ta gaba ya koma layi na ƙarshe, kuma in ana waƙa bakinsa kawai ke motsi. Mata a taron zumuntar coci kuma cewa suke, mutumin da ke koya wa yara doka, me ya kai shi birnin mutane da bindiga? Ina zaune a cikinsu ina ɗinki. Tsoro nake ji kada ni ma a zo a tafi da ni. Kuma ina tsoron a ce wata bakwai da rasuwar Hoyt, me Lorene ta je yi gidan gwauro?

A watan Agusta, wata Lahadi bayan an ci abincin tarayya, dattawan coci suka zauna kan maganar ajin. Ina kicin ina wanke tukwanen wake, tagar miƙa abinci a buɗe, ina jin komai. Wani ya ce iyaye uku sun ce ba za su turo 'ya'yansu ba. Fasto Whitaker ya ce, "Ɗan'uwa Orval, mun san halinka. Ka faɗa mana dalili ko ɗaya ne, mu samu abin gaya wa iyayen nan."

"Fasto, na san hanyar da ta dace, ban bi ta ba. Iyakarta ke nan."

Tsakanina da tagar bai fi taku biyu ba. Na ƙara buɗe famfo. Suka ɗaga hannu aka yi ƙuri'a, aka ba Harlan ajin.

Mako biyu ban iya addu'a ba. In na durƙusa sai in ji kamar ina magana da bango. Lahadi ta uku, da Fasto ya ce ko akwai mai shaida, na miƙe, ni da ban taɓa buɗe baki a taro ba. Na faɗi komai, har kukan da na yi, har famfon. Harlan ya sunkuyar da kai yana juya hularsa.

Da aka tashi Orval ya tare ni a matakala, fuskarsa ja.

"'Yar'uwa Lorene, wa ya aike ki? Da wawa ɗaya ne a cocin nan, yanzu kin mai da mu biyu."

"Da na faɗa tun a kicin..."

"Da kin faɗa, da haka. Je ki gida ki kira ɗanki, kada ya ji a bakin wani."

Fasto ya so a sake zama, Harlan ma ya ce shi ya haƙura. Amma an riga an aika sunan Harlan ga hukumar farauta, an buga takardu, iyaye sun sa hannu. Aka ce bari sai baɗi. Baɗi ta zo, ba wanda ya tayar da maganar, Orval kuma ba mai roƙo ba ne.

Har yanzu yana zuwa duk Asabar ɗin kaka. Shi ke buɗe ɗakin, ya jera kujeru, ya zauna a baya. Ni kuma nakan kai wa yara shayin cakulan mai zafi. Makon jiya Harlan yana bayani, yana ba da labarin wata barewa da ya harba, bindigar koyarwa a hannunsa, sai bakinta ya bi ta kan yaran layin gaba. Na ga hannun Orval ya taso daga gwiwarsa har ƙirji. Ya tsaya a nan. Sannan ya mai da shi a hankali. Na ajiye tiren a kan tebur na fita waje, don ban iya tsayawa a ɗakin ba.