Kwana Huɗu Zuwa Sabuwa

Wata Laraba ce a kakar 1956, an gama yankan dawa, na dawo daga rijiya na iske kakana, Baba Tanimu, durƙushe a gindin rumbu yana jera tsakuwa a ƙasa. Na ɗauka tsufa ne ya fara taɓa shi. Sai ya ce, "Ke, aje tulun nan ki zo in gwada maki hanyar gidanku." Wallahi saura ƙiris in saki tulun.

Ni 'yar fari ce. Tun da aka yaye ni aka bar ni Ƙanƙara hannun kakannina, iyayena suka yi Sabuwa neman ƙasar noma. Kakata ta rasu ina shekara shida, gida ya koma daga ni sai Baba sai jaki, tuwo ma maƙwabciya ke aiko mana. In muna carafke a ƙofar gida, iyaye mata suka ƙwala kira, kowa ta watse, sai a bar ni da 'yan duwatsuna, don ni ba mai kira na. Ban san fuskar Inna ba. Abin da na sani, duk kaka Baba kan tsai da ni jikin rumbu, ya auna tsawona da zaren kaɗi, ya ba wani falke. In na tambaya sai ya ce, "Tambayarki ta fi ki tsawo."

Baba tsohon falke ne, shirin tafiya ya fi masa tafiyar daɗi. Mako uku muka yi a gindin rumbun nan. Farar tsakuwa ita ce Ƙanƙara, ja ita ce Sheme, inda za mu sauka gidan abokin fataucinsa. Manyan duwatsu uku su ne Faskari, tsinkayen tsintsiya da ya kakkafe kuwa dajin Sabuwa. Maƙwabta suka ce ya bi da ni motar gyaɗa ta Mairuwa, ya ce tir, "Mai shiga mota ƙeyar ɗan'uwansa kaɗai yake gani." Shi so yake in ga birai kan dutse, da wani kwarmi mai riƙe ruwa har bazara. Yau ya ce kwana uku, gobe ya tuna gwiwarsa ya mai da shi huɗu. Kaji suka addabe mu da watsa Faskari, ni ce mai kora. Muka tara ƙuli-ƙuli da garin fura. Ni kuwa shirina ɗaya, abin da zan ce wa Inna, kullum sai na bita wa jaki.

Kwana huɗun muka yi. Duwatsun Faskari na nan yadda ya faɗa, amma ban ba su ido ba, hankalina na gaba. Da muka isa Sabuwa muka shiga gidan, Inna na bakin turmi. Ta ɗago ta gan ni, ta kau da kai, ta shige ɗaki. Daga ciki na ji ta ce wa ƙanwata, "A ba waccan ruwa." Waccan! Gidanmu ba mace, wa zai gaya mini uwa ba ta kiran sunan 'yar fari, ba ta yi mata fara'a gaban surukinta? Baba ya ce kunya ce, na ce ƙi ne. Na ƙi tuwo, na kafa kuka sai an mai da ni. Rana ta uku muka ɗaura wa jaki kaya, ko sallama ban yi mata ba. Taurin kai dai tun ina ƙarama nake da abina.

A gindin dutsen Faskari muka kwance wani ƙunshi da Inna ta ba Baba. Ga dakuwa, ga sabon zanen saƙi daidai ni, ga kuma zare biyar a ƙulle wuri ɗaya, kowane ya fi ɗan'uwansa tsawo. Baba ya ce, "Ita ke aiko falken nan duk kaka. Jikin gadonta take rataye su." Na faɗi ina birgima mu koma. Ya dubi gwiwarsa da ta kumbura, ya ce, "Baɗi, in Allah ya kai mu."

Muna isa gida na sake jera tsakuwar da hannuna, na kare ta daga kaji har ruwa ya sauka. Cikin daminar nan falke ya kawo labarin Inna ta rasu wajen haihuwa.

Yau mota kan ci tafiyar nan cikin 'yan sa'o'i, in hanyar ta yi lafiya, ga waya a hannun kowa. Zaren biyar na cikin adakata. Mutane kan ce ba ni da kunya, don tawa 'yar farin, ga ta da jikoki, da sunanta nake ƙwala mata kira. Su yi ta faɗa, ni na san abin da shiru ya ci mini.