Injin da Orville Ya Tayar

Orville Pietrzak ya shekara arba'in yana gyaran inji a masana'antarmu, inda muke ƙera tankunan madara na ƙarfe ga manoman Wisconsin. Orv kowa yake ce masa. Ni walda nake yi, kuma wurin aikina na kusa da nasa, saboda haka tare muke cin abincin rana. Ba mai yawan magana ba ne. Abin da zan faɗa a nan, kaɗan-kaɗan na tsince shi daga bakinsa, wani kuma a gabana ya faru.

Gajere ne mai kauri, gwiwoyinsa biyu sun gaji da durƙuso a kan siminti. Idan inji ya fara wani irin ƙara, sai ya ɗora bakin sukurdireba a jikinsa, ya kara ƙotar a kunne, ya lumshe ido. Kafin ka ƙirga goma ya faɗa maka abin da ya lalace. Abin da ya fi ƙi a duniya shi ne a ce wani inji ya gagare shi.

Shekara shida da suka wuce, maigidanmu Hollis Brandvold ya tsufa, 'ya'yansa kuma ba mai son sana'ar. Sai ya ce zai sayar mana da kamfanin, mu ma'aikata. Aka kafa asusu da sunanmu, aka ci bashin banki aka biya shi, kowace shekara kuma ana rubuta wa kowa hannun jarinsa. Ranar da ka yi ritaya, kamfani ya saye naka a farashin lokacin. Amma kafin a yi cinikin, sai da aka turo masani daga Chicago ya kimanta darajar kamfanin.

Muna da wata ɗabi'a a wurin nan: idan baƙo zai zo, sai mun gyara ko'ina. A share, a goge, a yi fenti, a ɓoye tarkace. Ba wanda yake tilasta mana, kunya ce kawai. To akwai wani ƙaton injin lanƙwasa ƙarfe da muke kira Berta, wanda ake yin manyan tankuna da shi. Berta ta shekara uku a mace, ƙashin bayanta ya tsage.

Brandvold ya dafa kafaɗar Orv ya ce, "Orv, yanzu baƙo zai zo ya tarar da gawa a tsakar ɗakinmu?"

Orv ya ce, "Ba ni mako guda, Mista Brandvold."

Ya aro wani ƙarfe a wurin surukinsa mai sayar da tsofaffin injuna, ya ɗinke tsagar, ya shafe ta da fenti kore. Ranar da baƙon ya zo, Berta ta yi aiki na minti arba'in. Mutumin ya ɗauki hoto, ya rubuta a takardarsa, ya tafi. Motarsa ba ta kai bakin titi ba Berta ta sake mutuwa. Muka yi ta tafi, ana ɗaga hannun Orv kamar ɗan dambe. Babu ko ɗaya a cikinmu da ya tuna cewa mu ne masu saye.

An sa wa kamfanin dala miliyan ashirin da huɗu, har da ribar manyan tankunan da aka ɗauka Berta za ta riƙa yi. Bayan shekara huɗu, wani masanin ya sake kimantawa da kyau, ya tarar da Berta a mace, sai hannun jarin kowa ya faɗi fiye da rabi, bashin banki kuwa yana nan yadda yake. Orv ya shirya ajiye aiki yana da sittin da uku, a yi masa aikin gwiwa. Ya duba takardarsa, ya ninke, ya sa a aljihu. Ya ce mini, "Sai na kai saba'in ke nan."

Ma'aikata suka kai ƙara kotun tarayya, a kan Brandvold da kuma wakilin da aka naɗa ya tsaya mana a cinikin. Lauyarmu, Tamsin Duvall, ta tara mu a ɗakin cin abinci. Ta ce, "Su suna cewa injin lafiyarsa ƙalau ranar ciniki, ga hoto, daga baya ya lalace a hannunku. Idan ba wanda zai rantse cewa mataccen inji ne kuma Brandvold ya sani, ƙararmu ba ta da ƙafa. Wa ya san labarin injin nan?"

Mu saba'in ne a ɗakin, kuma duk mun sani. Kowa ya sunkuyar da kai yana juya kofinsa. Ba wanda yake so ya nuna Orv da yatsa. Shi ma bai ɗago ba.

Ranar Juma'a da yamma na tarar da shi da matarsa Marlys a zauren coci, inda ake taruwa cin soyayyen kifi kowace Juma'a. Marlys ta shekara ashirin tana dafa abinci a makarantar firamare, ta saba da yi wa masu taurin kai magana. Dwight Halvorsen, direban motar ɗaukar kaya, ya ajiye farantinsa a teburinmu.

"A'a, ga mai ta da matattu! Orv, motata ma ta mutu. Minti arba'in kawai nake so, in samu mai saye."

"Ci kifinka, Dwight."

"Ka bar shi ya faɗa mana," in ji Marlys. "Shi ai da baki yake yi. Kai kuwa tsoho, ka hana ni barci da juye-juye wata biyu."

"Marlys, in na yi magana, ni ne maƙaryacin. A gaban alƙali, da rantsuwa."

"To in ka yi shiru fa, me ka zama? Kana hawa matakala kamar akuyar da aka ɗaure wa ƙafa, kana ce mini sai ka kai saba'in. Wa zai ɗauko ka daga ƙarƙashin inji? Ni?"

Dwight ya daina dariya. Ya ce, "Kai, Orv, ni na miƙo maka gwangwanin fentin nan fa. Ka manta? In za a ɗaure ka, a haɗa da ni, mu raba kuɗin ɗaki."

Orv ya daɗe yana murza gutsuren burodi. Can ya ce, "Brandvold ɗin nan shi ya ɗauke ni aiki ina da shekara ashirin da biyar."

Marlys ta ce, "Ya ɗauke ka, ka biya shi da gwiwoyinka. Kun rabu lafiya."

Ranar Litinin Orv ya kira lauyar. Ta tabbatar masa ba shi ake ƙara ba. Bayan wata guda aka ɗauki shaidarsa a wani ofis a Milwaukee, ni na tuƙa shi. Ya sa kwat ɗin da yake zuwa jana'iza da shi. Lauyan Brandvold ya kalle shi ta saman tabarau.

"Ke nan, Mista Pietrzak, ka amsa cewa ka yaudari mai kimantawa?"

"Na amsa. Na yi wa inji kwalliya don kada a raina mu."

"Wa ya sa ka?"

"Mista Brandvold ya roƙe ni, ni kuma na ji daɗi da ya roƙe ni. Ya san tsagar, don shi ya hana kuɗin gyara shekara uku. Abin da ban gane ba shi ne, aljihuna nake yanka."

Ya faɗi ranar, ya faɗi sunan surukinsa, har da lambar ƙarfen da ya aro. Da labari ya iso masana'anta, mutum goma sha ɗaya suka je suka ba da tasu shaidar, Dwight a gaba.

Ba a kai gaban alƙali ba. Brandvold da wakilin suka nemi sulhu, suka mayar da dala miliyan bakwai cikin asusunmu. Ba duka asarar ba ce, kuma har yau muna biyan banki. Amma aiki yana tafiya, an sayo wani injin, hannun jari ya fara ɗagowa. Na Orv ya kai abin da zai riƙe su shi da Marlys, in ba su yi almubazzaranci ba.

A watan Afrilu, yana da sittin da biyar, ya shiga ofis ya nemi takardar ritaya. Ya karanta ta layi-layi har sau biyu, ma'aikaciyar tana jira. Ya sa hannu, ya tambaye ta ko zai iya amfani da wayarta. Asibiti ya kira, suka ba shi tara ga Yuni don aikin gwiwa, ta hagu tukuna.